Rantsuwar Hitty

Harlow Falls, Vermont
Oktoba, 1836

Zuwa ga ƙanwata Mehitable Dunning,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarki da mijinta da jikoki. Na rubuta Mehitable a sama ne don mai kai wasiƙa ya san matar dattijon coci yake nema. Daga nan zuwa ƙasa Hitty ce, ko kin kai shekara ɗari.

Na ga ta'aziyyarki ta rasuwar maigidana Asahel, gajeriya, rabinta ayoyi. Na gode. Abin da ban gaya miki ba a lokacin shi ne fanshonsa na soja ya bi shi kabari. Ranar da ya cika, ranar aka yanke. Gidan da nake ciki na haya ne. Na sayar da saniya, na sayar da agogon bango, yanzu ina saƙa wa mutane safa da idon da ba ya ganin bakin allura. Kin san ba ni da wanda zan jingina da shi. 'Ya'yana uku, Dorcas ta rasu wurin haihuwa, zazzaɓi ya ɗauke Asahel ƙarami, Ira kuwa tun da ya nufi yamma ban sake jin ɗuriyarsa ba.

To, ga dalilin wasiƙata. Majalisa ta yi sabuwar doka a bana, za a riƙa biyan matan sojojin yaƙin 'yanci waɗanda mazansu suka rasu. Da na ji sai na ɗauki sandata na tafi wurin Lauya Crandall. Ya ba ni kujera, ya ce, "Iya, yaushe aka ɗaura aurenku?" Na ce da kaka, shekarar da aka sallami sojoji. Sai ya ajiye alƙalami ya hau sosa ƙeya. Wai dokar ta waɗanda suka yi aure ne kafin mijin ya gama aikin soja. Wadda ta yi haƙuri ta jira ya dawo, babu nata.

Na yi dariya har da tari, Hitty. Kin tuna hutun da Asahel ya zo da sanyin 1781, ya yafa bargon doki a madadin kwat, ya tsaya gaban Baba yana murza hula? Kin tuna amsar Baba? "Ba zan aurar da 'yata ga harsashi ba. Ya dawo da kansa a wuyansa tukuna." Baba ya tsare ni daga zama matar mamaci ina yarinya, ga shi ya hana ni abincin matar mamaci ina tsohuwa. Allah Ya jiƙansa, da kyakkyawar niyya ya yi.

Amma ke kin san abin da ya faru washegari da safe a bayan ɗakin shanu. Ke ce kika riƙe masa linzami. Ya kama hannuna ya ce, "A gaban Allah ke matata ce daga yau." Ni ma na faɗi nawa. Kin fi ni kuka. Daga ranar ban sake ɗaga ido na dubi wani namiji ba. Ni na saƙa safar da ya taka har ƙarshen yaƙin, ni na kwana da zazzaɓin tsoro duk sanda aka ce an gwabza. Idan wannan ba aure ba ne, ki gaya mini sunansa.

Littafin coci ya ƙone tare da gidan fasto tun muna da ƙuruciya. Faston ya mutu, duk wanda ya ci abincin bikin ya mutu, saura ni da ke. Crandall bai ce in yi ƙarya ba, lauya ne, ya iya bakinsa. Cewa ya yi, "Abin da shaida ta rantse a kai, shi ne ranar." Ki je gaban alƙalin garinku ki ce da sanyin 1781 aka yi. Shi ke nan roƙona.

Dattawan gari sun zo gaishe ni makon jiya, suna gaisuwa idonsu na kan kujeruna. Kin san abin da ake yi da irina a taron watan Maris. Ban taɓa roƙonki komai ba sai tsefe, shi ma kin hana.

Ki gaida kowa. Ni ce yayarki,
Tirzah Wheelock

*

Elder Creek, Ohio
Disamba, 1836

Zuwa ga Yaya Tirzah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu, tare da addu'ar Ya ƙara miki lafiya da haƙuri. Mutanen gida duk suna gaishe ki.

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta har takardar ta yi laushi. Na kai kwanaki ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa.

Yaya, ban manta da safiyar nan ba. Na tuna har tururin da ke fita daga hancin dokin. Na yarda cewa zuciyarki ta zama tasa daga ranar, kuma babu matar soja da ta fi ki cancanta. Amma alƙali ba zai tambaye ni zuciyarki ba. Zai sa hannuna a kan Littafi Mai Tsarki ya ce, yaushe fasto ya ɗaura musu aure? Ni kuwa ina wurin. Ni na ɗinke miki gefen riga, ana tsinkar tuffa, Asahel ya riga ya rataye bindigarsa. Idan na faɗi wata ranar daban, na kira Allah shaida a kan abin da Ya san ba haka ba ne. Shekaruna saba'in. Ban san ko zan ga bazara ba. Da wace fuska zan je?

Kada ki ce ban damu ba. Na yi magana da surukina Elnathan, mijin 'yata Patience. Kin san nima a gidansa nake tun rasuwar maigidana. Ya yi shiru ya yi shiru, daga baya ya ce in kin iya zuwa za a sa miki gado a ɗakina. Idan ƙanƙara ta narke, akwai keken doki zuwa bakin ruwa, daga nan jirgi. Na san tafiyar da nisa, amma mutane na yi. Ki zo mu ƙarasa tare. Faten masara ba zai gagare mu ba.

Na sa miki ɗan abin da na tara daga kuɗin ƙwai a cikin takardar nan. Kada ki mayar.

Ki yafe mini. Da hannuna kika ce in yanke miki, da ya fi mini sauƙi.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Mehitable Dunning

*

Harlow Falls
Maris, 1837

Hitty,

Ina gaisuwa, don uwarmu ta koya mana gaisuwa.

Kuɗin ƙwanki na sayi itace da su, na gode wa kajinki. Zancen tahowa kuwa, ƙuguna ba ya kai ni coci sai an ɗauke ni, shi ne zai kai ni Ohio? In ma ya kai ni, in bar Asahel shi kaɗai a kabarinsa a kan tudu, in je in zauna ina cin abincin mutumin da sai da ya yi shiru sau biyu kafin ya amsa?

Tunda ba ki son ƙarya, bari in ba ki gaskiya ki ƙoshi. An yi gwanjona ranar Talata.

A ɗakin taron gari aka yi, bayan sun gama zancen gyaran gada da na aladun da ke shiga gonakin mutane. Mu huɗu ne a kan benci. Akwai makaho Pelatiah, akwai wata yarinya mai farfaɗiya da uwarta, sai ni. Kin san yadda abin yake, ba mai ƙara kuɗi ke ɗauka ba, mai ragewa ne. Wanda ya yarda gari ya ba shi mafi ƙanƙanta don ya ciyar da kai shekara, shi ya ci. Mai shela ya ce, "Matar marigayi Wheelock. Tana kaɗi, tana saƙa, tana iya duba yara. Cinta kaɗan ne." Wani daga baya ya ce, "Haƙora fa?" Na juya na ce, "Saura uku, zo ka sa yatsa ka ƙirga." Aka yi dariya. Nima na yi, don in ban yi ba wani abin zan yi.

Suka yi ta ragewa ina zaune. A cikinsu akwai waɗanda ni na karɓi haihuwarsu. Akwai waɗanda duk ranar bikin 'yanci suke ɗora Asahel a kan keken shanu su zagaya gari da shi, ana kaɗa ganga, suna cire masa hula. Babu wanda ya iya haɗa ido da ni. Daga ƙarshe wani Jotham Stearns ya ɗauka, manomi ne can bayan dutse. Ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Iya, kayanki nawa ne?" Na ce akwati ɗaya da abin kaɗi. Sauran gari ya sayar.

Bindigar Asahel ma sun sayar. Na roƙa a bar mini, aka ce dukiyar mai cin abincin gari ta gari ce.

Ina kwana a ɗan ɗakin da ke bayan murhu. Matar gidan, Orpha, ba ta yi murna da ganina ba, ban kuma ga laifinta ba, yara biyar gare ta. Daga nan ba a hango tudun.

Ki kwanta da hannunki mai tsabta, Hitty. Ki kai shi gaban Allah ki nuna Masa, na tabbata zai yaba. Kada ki sake rubuto mini. Ba fushi ba ne, kuɗin karɓar wasiƙa ne ba ni da shi, kuma ba zan roƙi Jotham Stearns ba.

Tirzah

*

Gonar Stearns, Harlow Falls
Janairu, 1838

Zuwa ga Uwargida Dunning,

Gaisuwa da ban girma. Ba ki san ni ba. Sunana Orpha, matar Jotham Stearns, a gidanmu yayarki take. Ki yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba.

Wasiƙunki duk sun iso. Ni nake karɓowa ba da sanin maigidana ba. Da farko in na miƙa mata sai ta ce, "Sa a murhu." Ban sa ba. Daga baya na ga tana ɗaukowa daga kan shiryayye in ta zaci ba na kallo.

Ba zan ɓoye miki ba, ranar da Jotham ya kawo ta ban yi masa magana ba har dare biyu. Na ce ka rasa abin da za ka kawo mini sai wani bakin. Amma tsohuwar nan ba a iya zama da ita a ƙi ta. Ta yaye mini autana, ta koya wa manyan saƙa, in Jotham ya shigo da fushi ta ce, "Ga Janar ya dawo, wa ya ci, kai ko shanun?" Har shi sai ya yi murmushi. Yara Kaka suke ce mata.

Abin da ya sa na rubuto, tun lokacin girbi kanta ya fara rikicewa. Da fari suna take mantawa. Sai ta fara kirana Hitty. Yanzu kusan kullum haka take kirana, ni kuma ina amsawa, don in na ce Orpha ce sai ta tsorata ta ce ina aka kai ƙanwarta. Takan zauna bakin taga da saƙa, duk wanda ya wuce a kan doki ta ce in leƙa in ga ko daga sansani yake. Ranar nan ta saƙa safa ƙafa biyu manya, ta ce in ba mai zuwa wurin sojoji ya kai wa Asahel, wai ƙafarsa ta hagu ta fi jin sanyi. Na karɓa na ɓoye a akwati. Ban san ko daidai na yi ba.

Wani lokacin hankalinta na dawowa sarai. A irin wannan ranar ce ta ce mini, "Orpha, Maris ya kusa ko?" Na ce da saura. Ta ce, "Bana ba zan yi tsada ba."

Gaskiyarta ce, Uwargida. Shekararmu za ta cika a Maris, za a sake kai ta benci. Na roƙi Jotham, ya ce zai sake ɗauka in ba a karya farashin ba. Amma akwai wani mutum a ƙasan kogi da ke kwasar irinsu da yawa a kan kuɗi kaɗan, ya zuba su a ɗaki ɗaya. Makaho Pelatiah can aka kai shi, bai ga shigowar sanyin bana ba. Da tana da fanshon nan, da babu mai sake kai ta gwanjo, ta zauna inda take so.

Ban san abin da ya shiga tsakaninku ba, ba kuma na tambaya. Na ga dai ya kamata wani nata ya sani.

Taki cikin ladabi,
Orpha Stearns

*

Elder Creek, Ohio
Afrilu, 1838

Zuwa ga 'yata Orpha,

Gaisuwa da godiya wadda baki ba zai iya ƙarasawa ba. Ki bar ni in kira ki 'yata. Allah Ya saka miki, Ya sa naki 'ya'yan su yi miki abin da kike yi wa yayata.

Wasiƙarki ta daɗe a hanya saboda ƙanƙara. Na samu ta biyun ma, wadda kika ce Jotham ya sake ɗaukarta a Maris da ƙyar, har ya yi asara. Ki gode masa a madadina. Na san ba zai iya haka kowace shekara ba.

Na je gaban alƙali ranar Litinin. Ban gaya wa Patience abin da zan faɗa ba, na ce shaida ce kawai ta auren yayata. Alƙalin ya san maigidana, tare suka yi hidimar coci. Da ya gan ni ya miƙe tsaye, ya ce, "Uwargida Dunning, ke ai ko ba Littafi maganarki ta isa, sai dai doka ce." Ya miƙo, na ɗora hannu. Na ce Tirzah da Asahel Wheelock an ɗaura musu aure a gabana da sanyin 1781, yana hutu daga sansani. Muryata ba ta yi rawa ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, yadda ya fito da sauƙi.

Ki sani, 'yata, ba haka aka yi ba. Sai bayan an sallame shi aka ɗaura. Ina gaya miki ne don kada ki shiga abin da ba ki sani ba. Nauyin nawa ne ni kaɗai.

Ranar Lahadi a coci aka zo da gurasar jibin Ubangiji, na bar shi ya wuce. Patience ta dube ni, na ce cikina ne. Ga ƙarya ta biyu ke nan.

Na aika takardar wurin Lauya Crandall. Ya ce a wasiƙarsa dole ita ma ta bayyana gaban alƙalinku idan kotu ta zauna da bazara. Ki zaɓi ranar da hankalinta ke kusa. Idan kin sami irin ranar, ki ce mata Hitty ta yi. Kada ki ƙara komai, za ta gane.

Da tun farko na yi, da ba ta hau bencin nan ba. Wannan shi ke hana ni barci, fiye da rantsuwar.

Uwarki,
Mehitable Dunning

*

Gonar Stearns
Yuli, 1838

Zuwa ga Mama Mehitable,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan jikinki da sauƙi. Ki zauna kafin ki karanta.

Saƙonki na faɗa mata ba sau ɗaya ba. Ranar hankali ba ta zo ba. Tun lokacin shuka ba ta sake dawowa sarai ba.

Mun kai ta kotu jiya. Jotham ya shimfiɗa ciyawa a keken shanu, na yi mata wanka, na sa mata baƙar rigarta. Duk hanya tana murna, wai za mu kasuwa. Lauya Crandall ya tare mu a ƙofa ya ce mata, "Iya, in an tambaye ki, ki ce da sanyin 1781." Ta ce masa, "Kai ɗan wane ne?"

Alƙalin dattijo ne mai sanyin magana. Ya sauko daga kujerarsa ya zauna kusa da ita. Ya ce, "Iya, kin san Asahel Wheelock?" Fuskarta ta yi haske kamar ta yarinya, ta rufe baki da hannu. Ta ce, "Ka gan shi? Yana lafiya?" Ya ce, "Mijinki ne?" Ta ce, "Tukuna. Baba ya ce sai ya dawo."

Crandall ya miƙe da sauri ya ce tsufa ne, ga shaidar ƙanwarta. Alƙali ya karɓa ya karanta a bayyane, har inda kika ce a gabanki aka ɗaura yana hutu daga sansani. Tana saurare da kai a karkace. Sai ta ce, "Wa ya faɗi haka?" Ya ce, "Ƙanwarki Mehitable, bisa rantsuwa."

Mama, sai ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce, "Ƙarya kuke mata. Hitty ba ta taɓa yin ƙarya ba tun da aka haife ta. Ko Baba zai yanka ta ba ta yi. Wani ne ya rubuta ya sa sunanta. Ku bar mini ƙanwa, yarinya ce." Ta juyo ta kama hannuna ta ce, "Gaya musu, Hitty. Gaya musu ba ke ba ce."

Ban san sanda na ce ba ni ba ce.

Na zaci ɗaure mu za a yi. Alƙali ya daɗe yana duban takardar, sai ya ninke ta ya miƙa wa Crandall. Ya ce, "Wannan ba a shigar da ita ba, ban kuma ga dalilin shigar da ita ba." Ya ce jaridar da ta iso masa a makon nan ta kawo cewa Majalisa ta sake doka a farkon watan nan. Yanzu har waɗanda suka yi aure bayan yaƙi za a biya, muddin kafin shekarar 1794 ne. Ya ce, "A rubuta wa ƙanwar ta aiko da ranar da ta tuna da kyau. Ita kaɗai ake bukata."

Wato gaskiyar ma ta isa, Mama. Na yi ta juya yadda zan rubuta miki wannan, ban sami hanya mai taushi ba.

Da muka fito ta ce ta gaji, ba a sayi komai ba a kasuwar. A hanyar dawowa Jotham ya bi ta tudu da gangan, ya tsaya daidai kabarin. Ta duba ta ce wurin da kyau, wa ke nan? Jotham ya ce wani soja ne. Ta ce, "Allah sarki. Allah Ya sa yana da mai kuka." Jotham ya sauka ya yi kamar yana gyara igiyar shanu, ya daɗe bai hau ba.

Tun jiya ba ta ci komai ba sai ruwan madara. Ƙafafunta sun kumbura. Ki aiko da takardar da wuri.

'Yarki,
Orpha

*

Elder Creek
Agusta, 1838

'Yata Orpha,

Gaisuwa a gurguje. Na koma wurin alƙalinmu na gaya masa abin da na yi, na sake rantsuwa a kan ranar gaskiya. Bai miƙe tsaye ba wannan karon. Ya rubuta, ya buga hatimi, ya ce in gaida gida. Takardar na tafe tare da wannan.

Nima ina tafe. Elnathan ya ce hauka ne a shekaruna, Patience ta yi kuka, amma na sayar da kajina da gadona, kuma akwai wani maƙwabci da zai yi gabas da iyalinsa bayan girbi, zan bi su. Ba sai ta gane ni ba. Ki ci gaba da zama Hitty, kin fi ni iyawa. Ni a ce wata tsohuwa ce ta zo taya ki aiki. In wanke mata ƙafa kawai nake so.

Ki riƙe mini ita.

Mehitable

*

Gonar Stearns
Satumba, 1838

Mama,

Ina gaisuwa. Idan wannan ta same ki ba ki taso ba, ki zauna.

Kaka ta rasu ranar Alhamis da hantsi, ina shanya wanki. Na shigo na same ta a kujerarta bakin taga. Ba ta sha wahala ba. Takardarki ta iso tana da rai, na kai wa Crandall, ya ce abin da ya taru za a biya, sai dai ban san wa za a ba ba.

Dattawan gari sun ce a kai ta gefen da ake binne masu cin abincin gari. Jotham ya ɗauki shebur ya hau tudu ya haƙa kusa da mijinta. Babu wanda ya hana shi.

Muna so mu sa mata dutse, ko ƙarami ne. Mai sassaƙa ya tambayi shekarar da aka haife ta da sunan mahaifinta, na zagaya garin nan kaf babu wanda ya sani. Ki rubuto mana, Mama. Yana jira.

'Yarki,
Orpha Stearns